Agogon sallah na bango: yana aiki a Maradi, amma sai an kashe masa DST

Agogon sallah mai jajaye ko korayen lambobi ya shiga masallatai da yawa a Maradi, na Juma'a da na unguwa, har shaguna da zaure ana rataye shi yanzu. A sama yana nuna ƙarfe nawa, a tsakiya kwanan watan Hijira da na Miladiyya, a ƙasa kuma layi shida: asuba, fitowar rana, azahar, la'asar, magariba da isha'i. Mafi yawansu ƙirar Sin ne, suna shigowa ta Dubai ko ta Kano, wasu kuma alhazai ke dawowa da su tsaraba. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin sau da yawa sunan da ke jikin kwali ne kawai ya bambanta, kayan ciki da yadda ake saita su kusan ɗaya ne.

Hukuncina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa. Lissafin da yake yi na tafiyar rana ne, kuma in an ba shi lambobin gari daidai, kuskuren jadawalinsa ba ya wuce minti ɗaya ko biyu duk shekara. Sai dai an ƙera shi ne don a sayar ko'ina a duniya, har da ƙasashen da ke tura agogonsu gaba da awa guda lokacin zafi, su dawo da shi baya in sanyi ya shigo. Wannan al'ada ba tamu ba ce, amma tana zaune cikin agogon a ƙarƙashin haruffa uku, DST, kuma ita ce ke jawo kuskure mafi girma da agogon ke iya yi a nan.

Nijar tana kan UTC+1, wato awa ɗaya gaban lokacin GMT, duk shekara, kamar Najeriya, Bénin da Aljeriya. Faransa tana kan lokaci ɗaya da mu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, da ƙarfe 2 na dare, sai su tsallaka zuwa ƙarfe 3, su wuce mu da awa guda har Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka tana yin nata daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, tsarin da take bi tun 2007. Agogon sallah ya san waɗannan ranaku. A wasu samfura DST kunnawa ce da kashewa da hannu, a wasu kuma akwai zaɓi na uku, AUTO, wanda agogon zai yi tsallen da kansa cikin dare ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mai irin wannan zai yi wata biyar yana tafiya lafiya lau, ran nan a zo sallar asuba a tarar yana gaba da awa ɗaya cur.

Abin da ya kamata a gane shi ne, tsallen kansa bai ɓata sallah ba tukuna. In DST ya kama, agogon yana tura babban lokaci da jadawalin salloli gaba tare. A ƙarshen Maris alfijir a Maradi yana ketowa wajen 5:20. Agogon zai rubuta 6:20, amma tun da shi kansa yana gaba da awa guda, zai yi ƙara a daidai lokacin da alfijir ya keto. Ɓarnar tana farawa ne in wani ya ɗauki rimot ya mayar da babban lokaci baya da awa guda don ya dace da salularsa, ya bar DST a kunne. Yanzu lambobin sama sun yi daidai, jadawalin ƙasa kuwa yana nan da ƙarin awarsa. Asuba za ta buga 6:20 na gaskiya, saura kamar minti goma rana ta fito, magariba kuma sai 19:43 maimakon 18:43. A 2023 canjin Turai ya faɗo 26 ga Maris, a 2024 kuma 31 ga Maris, duk biyun cikin watan azumi, lokacin da ido ya fi komawa kan layin asuba da na magariba.

Akwai gyara na biyu da ya fi wannan muni. Agogon yana da wurin ƙara ko rage mintoci ga kowace sallah ita kaɗai. In samfurin ya yarda da ragi mai yawa, sai wani ya bi salloli biyar ya rage wa kowace minti 60. Komai zai yi kyau har Oktoba. A daren da DST ya sauka, agogon ya koma baya, a sake tura babban lokaci gaba da hannu, ragin nan na minti 60 yana nan inda aka bar shi, sai magariba ta buga rana tana sama. Lokutan iƙama ma abin lura ne. In an shigar da su da ƙarfe tsayayye, misali azahar 14:00, tsallen Maris zai kawo su da wuri da awa guda tun kafin kowa ya taɓa komai. In an shigar da su da mintoci bayan kiran sallah, suna bin jadawali duk inda ya tafi.

Maganin gajere ne. A shiga saiti, a nemi DST, a mai da shi OFF, a duba ragin kowace sallah ya koma sifiri, sannan a saita awa. Wannan jerin shi ne daidai: DST da farko, awa a ƙarshe. Wasu samfuran suna da maɓallin DST a fili jikin rimot, taɓawa ɗaya ya isa ya kunna shi, kuma alamar da ke nuna yana kunne ƴar ƙarama ce a kusurwa. A masallacin da yara ke karatu, gara a liƙe wannan maɓallin da salatif, rimot ɗin kuma ya zauna hannun mutum ɗaya, liman ko ladan.

Sai maganar gari, wadda ta fi cin lokaci wajen saiti. Jerin biranen da ke zuwa cikin takardar agogon ba kasafai ake samun Maradi a ciki ba. In an yi sa'a a ga Yamai, ko Kano, wani lokacin Katsina. Kowane digiri ɗaya zuwa gabas ko yamma minti 4 ne a tafiyar rana. Maradi tana kan digiri 7.10 gabas, Yamai kan 2.1, wato Yamai tana bayanmu da kimanin minti 20. Wanda ya zaɓi Yamai don ita ce babban birni, zai ci gaba da sahur minti 20 bayan alfijirin Maradi ya keto. Kano tana gabanmu da kusan minti 6, Damagaram da 7 zuwa 8, Tawa tana bayanmu da kamar 7. Katsina ce ta fi kusa, bambancin wajen minti 2 ne, don haka in babu wata hanya ita za a zaɓa a ƙara minti 2 ga kowace sallah.

Hanyar da ta fi ita ce shigar da lambobi da hannu, in agogon yana da wannan ƙofar. LAT, wato digirin arewa ko kudu, a sa 13.50 N, LON, wato digirin gabas ko yamma, a sa 7.10 E, yankin lokaci +1. Wasu suna neman digiri da mintoci a rabe, to a nan 13 da 30 ne, sai 7 da 06. A kula da harafin E. In aka bar shi W, agogon zai ɗauka garin yana yamma da layin Greenwich, bambancin digiri 14.2, wato minti 57. Wannan yana kama da ciwon DST har mutum ya ruɗe. Yadda ake rarrabewa: kuskuren DST minti 60 ne cif kuma yana zuwa yana tafiya da watanni, na harafin W minti 57 ne kuma yana nan kullum. Mutanen Tasawa, Dakoro ko Mayahi kada su kwafi lambobin Maradi, kowace salula mai taswira tana nuna lambobin wurin da mutum ke tsaye. Tasawa kaɗai tana gaban Maradi da minti 3 zuwa 4.

Agogon da aka sayo a Saudiyya yakan zo da Makka a ciki, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi daɗewa ba a gano ba, saboda lambobinsa suna kama da namu. Azahar ɗin Makka a agogonsu tana gaban tamu a agogonmu da kamar minti 11 kawai, sai mutum ya saita awa ya rataye. Amma Makka tana digiri 21 arewa, kwanakinta na hunturu sun fi namu gajarta. A ƙarshen Disamba jadawalin Makka zai ba da magariba wajen 17:45, alhali ranar Maradi ba ta faɗuwa sai wajen 18:10. Minti 25 ke nan ga mai azumin nafila ko ramuwa.

Hanyar lissafin asuba da isha'i ita ma zaɓi ce. Tsarin Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, yana ɗaukar alfijir in rana tana digiri 18 ƙasa da sararin gabas, isha'i a 17. Na Masar 19.5 da 17.5. Na Ummul Ƙura, na Saudiyya, 18.5 ga asuba, isha'i kuma minti 90 bayan magariba, 120 a Ramadan. Na Amurka ta Arewa 15 da 15. A inda muke kowane digiri minti 4 ne da ɗan ɗori, don haka tsakanin na Masar da na Rabiɗa akwai minti 6 zuwa 7 a asuba. Wannan ba hurumin mai gyaran agogo ba ne. A tambayi malaman da garin ke bi, a zaɓi tsarin da ya dace da jadawalinsu. La'asar kuwa zaɓi biyu ne, kuma Malikiyya tana tare da wanda aka rubuta Shafi'i, inuwar abu ta kai tsawonsa sau ɗaya. In aka bar shi kan Hanafi, la'asar za ta yi jinkirin kusan awa guda ita kaɗai, sauran huɗun suna daidai. Kwanan Hijira lissafi ne, ba ganin wata ba, yana iya saɓa wa sanarwar hukuma da kwana ɗaya, akwai wurin ƙarawa ko ragewa, kuma sai an duba shi farkon kowane wata. A lura kuma da tsarin kwanan Miladiyya, wasu suna fara rubuta wata kafin rana, 03/04 ta zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, jadawali ya kauce da wata guda.

Bayan an gama, ga ma'aunin da za a gwada shi da shi. A Maradi zawali ba ya fita tsakanin 12:15, farkon Nuwamba, da 12:46, tsakiyar Fabrairu. Magariba tana yawo tsakanin 18:00 da ƴan mintoci bayan 19:00. Fitowar rana tsakanin 6:05 da 7:00. Duk agogon da ya rubuta azahar ƙarfe 13 da wani abu a layin shigar lokaci, akwai abin da ba daidai ba cikin saitinsa. Alƙibla, ga masu nuna ta, tana wajen digiri 71 daga arewa zuwa gabas. Sannan a tsaya a fili kwana biyu ko uku a ga faɗuwar rana da ido, ranar da babu hazo.

Ƙirarsa tana da kyau da rauni. Lambobin LED ana karanta su daga sahun baya, sun fi gilashin LCD da ke dusashewa ko ya yi baƙi in zafin Afrilu ya kama. Raunin yana wajen wuta. Yawancinsu suna aiki da adafta, 5V ko 12V, an rubuta a bayan agogon, kuma adaftan da ke zuwa cikin kwali shi ne ke fara mutuwa in kuran ya dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa. A sayi na biyu mai lamba ɗaya a ajiye. Masu sola su kiyaye: batirin 12V yana hawa har 14.4V in rana tana cajinsa, kada a haɗa masa agogon 5V kai tsaye, a bi ta ramin USB na na'urar caji. A ciki akwai ƙaramin pil mai faɗi, CR2032, mai 3V, aikinsa riƙe lokaci in wuta ta ɗauke. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta agogon zai koma 00:00 ko 12:00, kwanan wata ya koma 1 ga Janairu na wata tsohuwar shekara, a wasu ma saitin gari da DST su koma yadda suka fito daga masana'anta. Mutane sukan gyara awa su manta kwanan wata, sai agogon ya riƙa ba da jadawalin Janairu cikin damina. A canja pil ɗin in ya sauka ƙasa da 2.8V, ko a canja shi duk shekara kafin azumi, kuma a yi haka adafta yana jone don kada lissafi ya goge.

Zafi yana taɓa tafiyarsa. Ƙwayar da ke ƙirga daƙiƙa tana bugawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, an daidaita ta ne a zafin digiri 25. In ɗaki ya kai 42, tana rage gudu da abin da ya kusa daƙiƙa ɗaya a rana, wato kusan rabin minti a wata, ban da ɗan kuskuren da ta zo da shi wanda kan kai minti ɗaya a wata. Masu ɗauke da guntun DS3231 suna gyara wannan da kansu, kuskurensu kamar minti ɗaya ne a shekara, kuma sun cancanci ƙarin jika ɗaya ko biyu. Araha ba ta ado. Sauran a daidaita su da salula kowace Juma'ar farkon wata. Ma'aunin zafin da ke jikinsa kada a dogara da shi, ɗumin fitilun ciki yana ƙara masa. Ƙurar hunturu tana toshe maɓallai, pil ɗin rimot kuma yana zubar da ruwa in ya daɗe cikin zafi. Muryar kiran sallah da ke ciki, a gida tana da amfani, a masallaci ni ina ganin a bar ta kan ƙara ɗaya ta tuni, ladan ya tashi ya yi aikinsa.

Salular da za a daidaita da ita ma sai an duba ta, domin ciwo ɗaya ke damun su. Wayar da aka saita da Faransanci, ko ta hannu da ta zo daga Turai, sau da yawa yankin lokacinta Paris ne ko Bruxelles. Lokacin sanyi babu wanda zai gane. Ƙarshen Maris ta yi tsalle, ƙararrawar sahur ta 4:30 ta buga 3:30. In aka mayar da awa baya da hannu aka bar Paris, manhajar sallah ta yi jinkirin awa guda, WhatsApp ya fara ƙorafin kwanan wata da lokaci. A zaɓi Niamey ko Lagos, ko a bar rezo ya saita. Agogunan bango na gwanjo masu alamar eriya, da ke karɓar lokaci daga tashar DCF77 kusa da Frankfurt a Jamus, siginarsu tana kai kimanin kilomita 2,000, mu kuwa muna nesa da kusan 4,000. A nan da hannu kawai ake saita su, kada a biya kuɗin eriyar.

Can inda abin ya samo asali, su ma sun gaji da shi. Jamus ce ta fara a 1916 don tsimin kwal lokacin yaƙi, Faransa ta dawo da shi a 1976 bayan tsadar man fetur ta 1973. Yana da ma'ana a wurinsu ta wani ɓangare, domin yinin Paris yana wuce awa 16 a Yuni ya sauka kusa da 8 a Disamba, namu kuwa daga awa 11 da minti 20 ne zuwa kusan 13. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina. Majalisarta ta amince a Maris 2019 cewa a daina daga 2021, amma gwamnatocin ƙasashen suka kasa daidaitawa kan lokacin da za a zauna a kai. Majalisar dattawan Amurka ta amince da zama kan lokacin zafi a 2022, majalisar wakilai ba ta bi ba. Turkiyya ta daina a 2016, Brazil a 2019, Mexico ta daina a mafi yawan ƙasarta a 2022. Masar kuwa ta dawo da shi a 2023.

Ni ina tare da masu cewa a daina. Tsimin wutar da aka kafa hujja da shi ya ragu ƙwarai tun da fitilu suka koma LED, awar barcin da ake rasawa a Maris kuwa tana nan kowace shekara. Sai dai inda gardamar ta yi tsauri shi ne wane lokaci za a riƙe. Rasha ta zauna kan na zafi a 2011, duhun safiyar hunturu ya sa ta koma na sanyi a 2014. Amurka ta gwada haka a 1974 ta janye cikin shekarar. Likitocin barci sun fi goyon lokacin sanyi, wanda ya fi kusa da tafiyar rana, kuma duk wanda ya saba auna yini da zawali zai ga hujjarsu. Mu ma nan ne amfaninmu yake: in Faransa da maƙwabtanta suka zauna kan na sanyi, lokacinmu da nasu ya zama ɗaya duk shekara. Ɗan kasuwa mai kiran Turai, ɗalibi mai darasi ta intanet, da mai gidan kallon da wasan ƙarfe 21 ke dawo masa ƙarfe 20 a Afrilu, duk sun huta.

Ko da sun daina gobe, agogunan da ke rataye yanzu ba za su sani ba, ranakun a rubuce suke cikin guntunsu, za su ci gaba da tsalle kowace Maris har sai an kashe. Don haka wanda zai saya, ya sa mai shago ya jona agogon a gabansa. Ya ga DST yana da OFF, ya ga ana iya shigar da LAT da LON da hannu, sannan a zare adafta minti biyar a mayar, a duba ko awa, kwanan wata da gari suna nan. Wanda ya kasa ɗaya daga cikin ukun a bar shi a shago. Bayan an saita na gida ko na masallaci, a rubuta lambobin a takarda, 13.50 N, 7.10 E, +1, DST OFF, da sunan tsarin asuba da aka zaɓa, a liƙa a bayan agogon don wanda zai canja pil na gaba.